Rumbunan Cressing Temple: Tarihin Wani Gidan Gona a Ingila da Yadda Aka Gyara Shi

A gundumar Essex, arewa maso gabas da birnin Landan, tsakanin garuruwan Witham da Braintree, akwai wani tsohon gidan gona da ake kira Cressing Temple, wanda ke ɗauke da rumbuna biyu na katako da aka gina a ƙarni na 13 kuma suna tsaye har yau. Babban cikinsu a shekaru, wanda ake kira Rumbun Sha'ir, masana da yawa suna lissafa shi a matsayin rumbun katako mafi tsufa da ya rage a tsaye a duniya. A wannan wuri an taɓa samun ɗakin ibada, da zauren shugabanni, daga baya kuma aka gina katafaren gidan masu sarauta na jan bulo, amma duk waɗannan sun rushe ko an rushe su, har sai da masu haƙa don binciken tarihi suka tono kafin a ga harsashin wasunsu. Abin da ya tsira shi ne ginin da ba a yi don ado ba, kuma dalilin tsirarsa shi ne cewa duk wanda ya mallaki gonar, ko sufi ne mai ɗauke da takobi, ko alƙali, ko ɗan kasuwa, yana da hatsin da yake bukatar inda zai ajiye.

Rumbun da ake magana a kansa ya bambanta da rumbun ƙasa na ƙasar Hausa a girma da siffa, ko da yake manufarsu ɗaya ce, domin kamar yadda manomin gero yake zuba damma a rumbu ba tare da ya sussuke ba, haka manomin Ingila na wancan zamani yake shigar da damman alkama da sha'ir da kararensu, ya jibge su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Damina da kaka a can ba su rabu sarai ba, ruwa yana iya sauka a tsakiyar girbi, saboda haka ba a iya barin hatsi a fili ko a yi sussuka a waje, sai dai a killace shi ƙarƙashin rufi a riƙa sussukarsa kaɗan-kaɗan a tsawon hunturu. A tsakiyar ginin ake barin masussuka, da manyan ƙofofi masu fuskantar juna waɗanda amalanke ke iya shiga da kayansa, kuma idan aka buɗe su gaba ɗaya iskar da ke ratsawa ita ce ke kwashe ƙaiƙayi a lokacin sheƙa. Wannan ne ya sa rumbunan suka yi girman da suka yi: Rumbun Sha'ir yana da tsawon kimanin mita 36 da faɗin mita 13 da ɗoriya, Rumbun Alkama kuma ya kusa mita 40 a tsawo, ko da yake bai kai na farko faɗi ba.

Waɗanda suka gina su su ne Jaruman Haikali, wata ƙungiya ta sufayen Kirista masu yaƙi da aka kafa a birnin Ƙudus wajen shekara ta 1119, bayan yaƙin farko na 'yan Salibiyya, kuma sunansu ya samo asali ne daga mazaunin da sarkin Faranjawa na Ƙudus ya ba su a harabar Masallacin Al-Aƙsa, wurin da suke dangantawa da haikalin Annabi Sulaimanu. Riƙe sansanoni da dawaki da mayaƙa a ƙasar Sham yana cin dukiya mai yawa, don haka ƙungiyar ta dogara ga gandayen da sarakuna da attajirai suka yi mata kyauta a ko'ina cikin Turai, inda ake noma a sayar, a aika wani kaso na ribar zuwa gabas. Wajen shekara ta 1137 Sarauniya Matilda, matar Sarki Stephen, wadda mahaifinta ɗan'uwa ne ga shugabanni biyu na farko da suka mulki Ƙudus a ƙarƙashin 'yan Salibiyya, ta ba su Cressing, bayan kamar shekara goma kuma aka ƙara masu da Witham. Kafin ƙarshen ƙarni na 13 ƙasar da suke riƙe da ita a wannan yanki ta kai kimanin eka 2,000. Mai karatu da ya san labarin Salahuddin da yaƙin Hiɗɗin na 1187, ko faɗuwar Akka a hannun Mamaluka a 1291, zai ga a nan ɗaya gefen labarin da ba kasafai ake ba da shi ba, wato sha'ir da alkama da ulun tumakin da ke biyan kuɗin wancan yaƙi.

Sanin shekarun rumbunan kansa yana da tarihi, kuma shi ne ya ɗaga darajarsu har aka ga ya wajaba a cece su. Har tsakiyar ƙarni na 20 masana gine-gine suna ɗaukar cewa na ƙarni na 15 ne ko na 16, saboda an yi imani cewa ginin katako na aikin gona ba zai iya daɗewa fiye da haka ba. Wanda ya ƙalubalanci wannan ra'ayi shi ne Cecil Hewett, ɗan asalin Essex wanda aka haifa a 1926 ya rasu a 1998, kuma hujjarsa ita ce gaɓoɓin katako, wato yadda kafinta ke sassaƙa itace biyu ya haɗa su, suna sauyawa daga zamani zuwa zamani kamar yadda salon rubutun hannu ke sauyawa, ta yadda mai lura zai iya karanta shekarun gini daga haɗinsa. A Cressing ya ga wani irin haɗi inda ake yanka gurbi a gefen itace ɗaya a kwantar da kan ɗayan a ciki, da ɗan tsaga da ke hana shi zamewa idan an ja shi, ya kuma ga dogayen siraran tokare da ke ratsa ginshiƙai da yawa a karkace, kuma duk waɗannan dabaru ne da kafintoci suka bari tun kafin ƙarni na 15. Littafinsa na 1969 kan bunƙasar kafintanci a Essex bai samu karɓuwa nan take ba, amma gwaje-gwajen kimiyya sun goyi bayansa. Mafi inganci daga cikinsu shi ne ƙirgar zoben itace, wadda ta dogara ga cewa bishiya a ƙasar sanyi tana ƙara zobe ɗaya a jikinta kowace shekara, mai kauri a shekarar albarka, siriri a shekarar wuya, don haka idan aka gwada jerin zoben da ke cikin ginshiƙi da jerin da aka riga aka san shekarunsa, ana iya gane lokacin da aka sare bishiyar. Ta wannan hanya aka sanya Rumbun Sha'ir tsakanin 1205 da wajen 1230, Rumbun Alkama kuma tsakanin 1257 da 1280.

Masanin tarihin dazuzzuka Oliver Rackham ya bi katakon ɗaya bayan ɗaya, ya ƙiyasta cewa Rumbun Sha'ir ya ci bishiyoyin ok kimanin 480, Rumbun Alkama ma ya ci kusan haka, kuma abin da ya fi jan hankali a bincikensa shi ne yawancin bishiyoyin ƙanana ne, ba gagga-gaggan itatuwan daji da mutane ke zato ba. Kafintan wancan zamani yakan zaɓi bishiya mafi ƙanƙanta da za ta wadatar da gurbin da yake son cikawa, ya fafe ta da gatari ta zama mai kusurwa huɗu, ya yi aiki da ita tana ɗanya tun ba ta yi taurin da zai gagari ƙarfe ba. Wannan yana nuna cewa dazuzzukan Essex a ƙarni na 13 gonaki ne na itace da ake kula da su, inda ake sare ƙananan itatuwa a bar kututture ya sake toho, a kuma bar wasu bishiyoyin su miƙe don aikin gini. Tsarin ginin kuwa mai sauƙin fahimta ne: layuka biyu na manyan ginshiƙai suna ɗauke da nauyin rufi, sun raba cikin gida uku, babban fili a tsakiya da baranda a kowane gefe, rufin kuma yana gangarowa har kusa da ƙasa, an lulluɓe shi da dubban ƙananan tayil na gasasshen yumɓu waɗanda ake rataye kowanne da ƙusar itace. Ana sassaƙa sassan a ƙasa, a gwada su, a sa masu alama, sannan a ɗaga a harhaɗa da turakun ok, kuma wannan dabara ce ta sa daga baya ya yiwu a zare ruɓaɓɓen sashe a sa sabo ba tare da an rushe ginin ba.

Jaruman Haikali ba su daɗe suna cin moriyar rumbu na biyu ba. Bayan faɗuwar Akka hujjar wanzuwarsu ta yi rauni, Sarki Philip na Huɗu na Faransa, wanda ake bi bashi mai yawa, ya sa aka kama su a ranar 13 ga Oktoba 1307, aka kama na Ingila a farkon 1308, Fafaroma Clement na Biyar kuma ya rusa ƙungiyar a 1312, dukiyarta ta koma hannun takwararta, Jaruman Asibiti na Waliyyi Yahaya. A zamanin waɗannan ne gidan ya ga tashin hankali mafi girma a tarihinsa. Annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta kashe jama'a masu yawan gaske, ma'aikatan gona suka yi ƙaranci, masu ƙasa suka nemi doka ta hana albashi tashi, sannan aka ɗora wa talakawa harajin kai sau uku cikin 'yan shekaru. A 1381 manoman Essex da Kent suka yi bore, kuma da yake shugaban Jaruman Asibiti na Ingila, Sir Robert Hales, shi ne ma'ajin masarauta wanda ake ganin harajin a wuyansa yake, sai masu bore suka afka wa Cressing a watan Yuni, suka wawashe gidan, suka ƙona takardu, bayan kwanaki kaɗan kuma aka fille kan Hales a Landan. Rumbunan ba su salwanta ba, abin da ba zai ba da mamaki ba idan aka tuna cewa masu boren manoma ne, kuma fushinsu yana kan takardun da ke lissafa bautarsu da bashinsu.

Sauran tarihin mallakar gidan ana iya taƙaita shi. Sarki Henry na Takwas ya rusa Jaruman Asibiti a 1540, gidan ya shiga hannun Sir John Smyth, alƙali a kotun baitulmali, kuma zuriyarsa ce ta gina babban gida da lambu mai katangar jan bulo, da wani dogon gini na ajiyar tsabar hatsi mai ɗauke da shekarar 1623. A 1703 Herman Olmius, ɗan kasuwar Landan mai asali daga Holan, ya sayi wurin, aka rushe babban gidan saboda ba mai zama cikinsa, aka bar gonar a hannun masu haya, su kuma suka zauna a ƙaramin gidan gona wanda sassansa mafi tsufa na farkon ƙarni na 17 ne. A 1913 Frank Cullen, mai noman iri, ya sayi gonar, ta zauna a hannun iyalinsa har 1987. A duk tsawon wannan lokaci ba a bar rumbunan yadda aka gina su ba. An rage tsawon Rumbun Sha'ir, an sake masa bango, an sauya tsarin katakon saman rufinsa, an yi wa rumbunan biyu shirayi a bakin ƙofa don amalanke ya fake, an cike tsakanin katakon bangon Rumbun Alkama da bulo. Kowane gyara daga cikin waɗannan ya ɓata wani abu na asali, amma da ba a yi su ba da ginin bai kai ƙarni na gaba ba.

Haɗarin da bore da sauyin masu mallaka ba su jawo ba, inji ne ya jawo shi. Injin sussuka da Andrew Meikle ya ƙera a Sikotilan a 1786 ya fara rage aikin masussuka, har leburorin da ya raba da abincinsu na hunturu suka riƙa farfasa shi a tarzomar 1830, sannan daga shekarun 1870 arhar alkamar Amurka ta karya noman hatsi a gabashin Ingila, manoma suka daina kashe kuɗi kan gine-gine. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, injin da ke girbi da sussuka a lokaci guda cikin gona ya kawar da dami kwata-kwata, hatsi ya koma shigowa gida a tsabarsa, yana bukatar na'urar busarwa da tankin ƙarfe, manyan tarakta kuma ba sa iya juyawa tsakanin ginshiƙan katako. Rumbu ya zama kaya a wuyan mai shi, kuma da zarar tayil kaɗan suka zame ba a mayar ba, ruwa yakan shiga gaɓoɓi, ruɓa da ƙwaro mai huda itace su biyo baya. Dubban rumbuna a Ingila sun faɗi ta wannan hanya, wasu gobara ta cinye, wasu kuma aka mayar da su gidajen zama na masu hali, aka yanyanka faffaɗan cikinsu ɗaki-ɗaki aka fasa tagogi, wanda hakan ke ceton ɓawon gini ya kashe abin da ya sa ginin ya cancanci ceto. Rumbun Coggeshall, wanda ba shi da nisa da Cressing kuma shi ma na ƙarni na 13 ne, ya kusa rushewa gaba ɗaya kafin ƙaramar hukumar Braintree ta karɓe shi da ƙarfin doka a farkon shekarun 1980, aka gyara shi, ya koma hannun ƙungiyar National Trust a 1989.

Da aka sa gonar Cressing a kasuwa a 1987, Majalisar Gundumar Essex ta sayi gine-ginen da filin da ke kewaye da su, da tallafin hukumar English Heritage da wasu asusun kula da kayan tarihi. Ba a daɗe da kammala cinikin ba, a daren 15 zuwa 16 ga Oktoba na wannan shekara, guguwar da ta kayar da bishiyoyi kimanin miliyan 15 a kudancin Ingila ta yaye tayil masu yawa daga rufin rumbunan, saboda haka aikin da za a yi a natse ya zama na gaggawa. Tambayar da ke gaban masu aikin tsohuwa ce a Ingila: wane zamani za a mayar da ginin? A ƙarni na 19 masu zanen gine-gine sun yi ta "maido da" tsofaffin coci-coci ta hanyar kankare duk abin da aka ƙara masu bayan ginin farko, su sake gina abin da suke zato shi ne asali, har sakamakon ya zama sabon gini da ke sanye da tsohon suna. Don yaƙar wannan ɗabi'a William Morris da abokansa suka kafa Ƙungiyar Kare Tsofaffin Gine-gine a 1877, bisa tunanin John Ruskin, kuma koyarwarta ita ce a riƙa kula da gini kullum don kada ya kai ga babban gyara, idan gyaran ya zama dole a taɓa abin da ya lalace kawai, kada kuma a ɓoye sabon aiki a ce tsoho ne. Da an bi tafarkin farko a Cressing, da sai a fitar da bulon Rumbun Alkama, a cire shirayi, a ƙara wa Rumbun Sha'ir tsawon da aka rage, a kan hasashe. An bar waɗannan duka a matsayinsu, kuma wannan shawara ce mai kyau, domin rumbun da mai ziyara ke gani a yau yana ba da labarin ƙarni bakwai na noma, ba na shekara ɗaya ba.

Gyaran ginin katako irin wannan yana da ƙa'idojin da aka saba bi. Ruɓa takan fara ne daga ƙasa, a dogon katakon da ke kwance kan harsashi wanda ginshiƙan bango ke tsaye a kansa, da kuma daga sama inda rufi ke yoyo. Kafinta yakan tokare ginin, ya yanke iyakar sashen da ya mutu, ya sassaƙa sabon ok ya haɗa shi da tsohon ta doguwar gaɓa mai karkata wadda ake ɗaurewa da turaku, kuma inda yin haka zai sa a yi asarar tsohon itace mai yawa, an fi son a ɗaure da ƙarfe a bayyane. A wajen bulo da harsashi ana amfani da kwaɓin farar ƙasa da yashi maimakon siminti, saboda siminti yana da tauri kuma yana tsare danshi, sai ruwan ya koma cikin katako da bulo ya ci su, alhali farar ƙasa tana barin bango ya sha iska ya kuma ɗan motsa tare da itacen. Tsofaffin tayil da ba su fashe ba ana mayar da su, a cike gurbi da waɗanda aka yi da hannu. Kafin a taɓa komai kuma ana auna kowane katako a zana shi, kuma irin wannan bibiya ta kusa, tare da haƙar da aka yi a harabar gidan, ita ce ta ba da yawancin abin da aka sani yanzu game da wurin, wanda aka tattara a littafin da majalisar ta buga a 1993.

Gidan gonar da sauran ƙananan gine-gine an gyara su don aikin kula da wurin, lambun mai katanga kuma, wanda babu abin da ya rage na shukarsa ta asali, an sake dasa shi a tsakiyar shekarun 1990 bisa salon lambunan ƙarni na 16. Wannan sashe na aikin ƙirƙira ce, ba gyara ba, kuma bai kamata a auna shi da ma'aunin rumbunan ba, sai dai an yi shi a fili ba tare da da'awar cewa haka lambun yake a da ba. Matsalar da ta fi wuya ita ce ta amfani, tunda ba a ƙara shigar da dami a rumbunan ba, alhali rufin yana bukatar a riƙa dubawa kamar dā. An buɗe wurin ga masu ziyara da ɗaliban makarantu, ana yin baje-koli da bukukuwan aure a ciki, majalisar kuma ta riƙa shirya kwasa-kwasan koyar da sana'o'in gini na gargajiya a harabar, kamar aikin farar ƙasa da gyaran katako, saboda masu hannun da suka iya wannan aiki sun yi ƙaranci kamar gine-ginen kansu. Dokar kare gine-ginen tarihi, wadda ta sanya rumbunan biyu a mataki na ɗaya, tana iya hana rushewa amma ba ta biyan kuɗin tayil, kamar yadda aka gani a babban rumbun Harmondsworth da ke kusa da filin jirgin sama na Heathrow, wanda aka gina a 1426, ya lalace a hannun kamfanin da ya mallake shi duk da yana mataki ɗaya da na Cressing, har sai da English Heritage ta saye shi a kan fam 20,000 kafin a sake masa rufi a 2014.